Jamal Murray da Rigimar Farashin Tauraro na Biyu

A watan Satumba na 2024 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Denver Nuggets ta miƙa wa Jamal Murray sabon kwantiragi na shekara huɗu a kan dala miliyan 208, shi kuma ya rattaba hannu. In aka raba, kusan dala miliyan 52 ke nan a kowace shekara. Kafin gari ya waye masu sharhin wasanni a Amurka sun rabu gida biyu: masu cewa Denver ta riƙe abin da ya ba ta kofi, da masu cewa ta sayi kaya da tsada don kawai tana jin kunyar mai shi.

Masu sukar ba da baki kawai suka zo ba. Wata guda kafin wannan ciniki an ga Murray a gasar Olympics ta birnin Paris sanye da rigar Kanada, yana shigowa daga benci, ƙafafu a nauyaye, jifa ba ya shiga. Maki 6 kacal yake samu a wasa, har Faransa ta sallami Kanada a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Ga kuma tsohon ƙorafi: tun da Denver ta ɗauke shi a matsayi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016, har zuwa ƙarshen kakar 2024–25, ba a taɓa sa sunansa cikin wasan taurarin NBA da ake yi kowace Fabrairu ba. Daga kakar 2020–21 zuwa 2024–25, a doguwar kaka makinsa ya tsaya tsakanin 20 da 21 da ɗoriya a wasa. Wannan adadi ne mai kyau, amma akwai 'yan wasan baya da dama a gasar da suke kai shi, wasunsu ma a kan rabin albashinsa. To me ya sa za a biya shi mafi girman abin da doka ta yarda a ba ɗan wasa mai shekarunsa a gasar, wato kashi 30 cikin 100 na iyakar albashin ƙungiya?

Tambayar tana da kyau. Kuskuren yana wajen ma'aunin da aka ɗauko.

Murray tauraro na biyu ne a Denver, bayan Nikola Jokic, kuma tauraro na biyu ba a ɗauke shi aiki don ya tara maki a watan Disamba ba. A NBA kaka biyu ce a cikin ɗaya. Ta farko doguwa ce, daga Oktoba zuwa Afrilu, yau kana Miami gobe kana Toronto, abokin hamayya ba shi da lokacin zama ya yi nazarinka. Ta biyu ita ce zagayen fitar da gwani, inda ƙungiya biyu za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa huɗu. A nan koci da mataimakansa suna kwana kan bidiyon mutum ɗaya, su san hannun da ya fi so, da inda yake juyawa idan an matsa masa, su tura masa mutum biyu, wani lokaci uku. Babban tauraro, kowane ne shi, ana iya toshe masa hanya na wasu mintuna. Waɗannan mintunan su ne aikin na biyu, kuma a kansu ya kamata a yi masa kuɗi.

Denver ta samu amsar wannan ta hanyar da babu wanda ya so. Ranar 12 ga Afrilu 2021, ana dab da tashi wasa da Golden State, Murray ya kutsa wajen kwando, gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, jijiya ta tsinke. Wata biyu kafin nan ya zuba wa Cleveland maki 50 ba tare da jifan tara ko ɗaya ba, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Kocinsa na lokacin, Michael Malone, ya ba da labari daga baya cewa yaron ya tambaye shi cikin hawaye ko za su sayar da shi, tunda ya zama nakasasshen kaya. Ba su sayar ba, amma sun yi wata goma sha takwas ba su gan shi a fili ba.

A cikin waɗannan watanni Nikola Jokic ya zama gwarzon ɗan wasan NBA sau biyu a jere, 2021 da 2022. Mutumin da aka ɗauka a matsayi na 41 a 2014, ɗan Sabiya mai tafiya kamar bai damu ba, ya kai ƙololuwa. Da me Denver ta tashi? A 2021 ta doke Portland, sai Phoenix ta share ta 4–0, da Facundo Campazzo da Austin Rivers a matsayin 'yan baya. A 2022 Golden State ta kore ta tun zagayen farko, 4–1. Abin lura shi ne, a doguwar kakar 2021–22, babu Murray ko minti ɗaya, Denver ta ci wasa 48. Da ya dawo a 2022–23 ta ci 53. Bambancin wasa biyar ne kawai, kuma mai duba teburi zai ce ai mutumin bai ƙara wani abin kirki ba. Amma a zagayen fitar da gwani ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya ta faɗi huɗu a 2022 ita ce ta ci 16 ta faɗi 4 a 2023, ta ɗauki kofin farko a tarihinta.

Adalci ne a ce ba Murray kaɗai ya dawo ba. Michael Porter Jr. ma ya taso daga aikin baya, an kuma kawo Kentavious Caldwell-Pope da Bruce Brown. Sai dai duk waɗannan masu cin gajiyar hargitsi ne. Wanda yake haddasa hargitsin tare da Jokic shi ne Murray, kuma sai an kalli yadda suke yi kafin a gane.

Jokic, mai tsawon mita 2.11, yakan tsaya can sama da da'irar jifan tara, ƙwallo a hannu ɗaya, ya ba kwando baya ko gefe. Murray ya taso daga kusurwa a guje, ya goga kafaɗarsa da ƙugun Jokic, ya karɓi ƙwallon hannu da hannu. Mai tsaron Murray yanzu yana da ƙiftawar ido ya yanke shawara. In ya bi ta bayan Jokic don ya tare hanya, ya bar tazara, Murray ya tashi ya jefa mai maki uku. In ya manne masa ya bi ta gaba, to yana bayansa ke nan, Murray ya yi taku biyu ya tsaya cak a tsakiya, ya jefa tasa ta kusa wadda ya fi ƙwarewa a kai. In mai tsaron Jokic ya baro mutuminsa suka taru wa Murray su biyu, sai ƙwallo ta bi ta tsakaninsu ta koma hannun Jokic, wanda yanzu yake kallon abokan wasa uku da masu tsaro uku, ga shi kansa ba mai tsaro: ko ya ɗaga wa abokin wasansu Aaron Gordon sama ya dankara, ko ya wurga wa mai jira a kusurwa. In kuwa suka yi musanyen mutum, an bar ƙaramin ɗan baya da Jokic a ƙarƙashin kwando, an bar ƙato mai nauyin ƙafa da Murray a fili. Wani lokaci ma sukan juya abin: Murray, mai mita 1.93, shi ne zai tsaya ya yi wa Jokic shinge, ƙaton ya tuƙo ƙwallo. Turmi da taɓarya ne. Kowanne shi kaɗai itace ne kawai.

Duk wannan yana aiki ne saboda abu ɗaya: masu tsaro suna tsoron jifan Murray da gaske. Da Campazzo ne ya karɓi ƙwallon, sai su ja baya su ce bismilla, jefa, su tare Jokic su biyu. Wannan tsoron ba ya fitowa a takardar ƙididdiga da sunan Murray. Yana fitowa ne a dankaren Gordon da kuma yawan ƙwallayen da Jokic ya miƙa aka ci.

Da lokacin ya zo kuwa, har takardar ma ta shaida. A karawar ƙarshe ta yankin Yamma a 2023, da Los Angeles Lakers, Murray ya yi ta zuba maki 32.5 a kowane wasa, aka share su LeBron James 4–0. A wasa na biyu ya yi zubi uku yana fama, jifa na ƙin shiga, sai ya ci maki 23 a zubi na huɗu kaɗai. A wasa na uku ya ci 30 kafin a tafi hutun rabin lokaci. A karawar kofi da Miami Heat, inda kocinta Erik Spoelstra ya yi ta sauya masa masu tsaro har da Jimmy Butler, sai ya koma mai rabo: wasa huɗun farko kowanne ya miƙa ƙwallo goma ko fiye da aka ci. A wasa na uku a Miami shi da Jokic kowannensu ya haura maki 30, ya kai goma a cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya kai goma a miƙawa. Ba a taɓa samun abokan wasa biyu da suka yi haka a dare ɗaya ba tun da aka kafa NBA. Mutumin da yake cin 20 a doguwar kaka ya tashi da 26.1 a zagayen fitar da gwani na shekarar. Ba kuma sabon abu ba ne gare shi: a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka killace ƙungiyoyi a Orlando, ya zuba wa Utah 50, 42 da 50 a wasa uku a jere, sannan ya ci 40 a wasa na bakwai da Clippers. Yawancin 'yan wasa makinsu raguwa yake yi idan tsaro ya tsananta. Nasa ƙaruwa yake yi.

Masu kwana gaban talabijin a nan, da yake wasannin kan faɗo ne wajen ƙarfe biyu ko uku na dare, za su tuna na 22 ga Afrilu 2024. Lakers sun yi gaba da maki 20 a Denver. Murray ya yi ta ɓarar da jifa duk dare, amma da aka zo 99–99, saura daƙiƙu, shi aka miƙa wa. Ya tuƙa dama, Anthony Davis, ɗaya daga cikin manyan masu tsaro na duniya, ya biyo shi hannu a sama. Murray ya ja da baya a gefen layi ya saki ƙwallon yana faɗuwa, ya ɓace cikin abokansa na benci, ƙaho ya busa, 101–99. Mako guda bayan haka, da ciwon sha-raɓa, ya sake jefa wadda ta kori Lakers gaba ɗaya. Jokic yana fili duka dare biyun, kuma bai nemi ƙwallon ba.

Yadda ake ruɗuwa da yawan maki wajen sayen na biyu, Milwaukee ta fi kowa sani. A 2023 ta ba da Jrue Holiday don ta samo Damian Lillard ya zama abokin Giannis Antetokounmpo. A takarda cinikin ba shi da aibi: Lillard ya fito daga kakar da yake cin maki 32 a wasa, har da dare ɗaya na maki 71, Holiday kuwa bai kai 20 ba. Amma Holiday ne ya fizge ƙwallo daga hannun Devin Booker na Phoenix a ƙarshen wasa na biyar na karawar kofin 2021, ya ruga ya ɗaga wa Giannis ya dankara. Shi ne yake tsare mafi haɗarin 'yan bayan abokan hamayya kowane dare. Da ya tafi, ƙofar tsaron Milwaukee ta buɗe. Holiday ya bi ta Portland ya sauka Boston, ya ɗauki kofi a 2024. Milwaukee kuwa Indiana ta fitar da ita a zagayen farko shekara biyu a jere. Rauni ya taka rawa, gaskiya ne, Giannis bai buga karawar 2024 ba, Lillard kuma jijiyar agararsa ta tsinke a ta 2025. Amma ko da suna lafiya, an daɗe ana jiran su biyun su saba da juna yadda aka yi zato. Phoenix ma ta yi irin wannan da Bradley Beal, wanda ya taɓa haura maki 30 kaka biyu a Washington: ta ɗora shi a kan Booker da Kevin Durant, mutum uku masu son abu iri ɗaya a wuri ɗaya, Minnesota ta share su 4–0 a 2024, a 2025 ko zagayen fitar da gwani ba su shiga ba.

Akwai kuma wanda ya yi daidai. A Fabrairun 1995 Houston Rockets, masu riƙe da kofi amma suna tangaɗi, suka ba da Otis Thorpe suka karɓo Clyde Drexler daga Portland. Drexler ya kai ƙungiyarsa karawar kofi sau biyu a matsayin jagora, ya dawo hannu wofi. A Houston ya tarar da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, abokinsa tun suna Jami'ar Houston, ya kuma yarda cewa gidan na Hakeem ne. Suka gama kaka a matsayi na shida a Yamma, suka bi ta kan Utah, Phoenix da San Antonio, suka share Orlando. A wasan da in sun faɗi Utah ta kore su, Drexler ya ci 41, Hakeem 40. Sabo da yarda da matsayi sun yi aikin da sunan Lillard bai yi wa Milwaukee ba. Kyrie Irving kuwa, wanda ya jefa mai maki ukun da ta ba Cleveland kofin 2016, shekara guda kawai ya ƙara ya nemi a sayar da shi, don ya gaji da zama a inuwar LeBron. Murray bai taɓa tada irin wannan ƙura ba, kuma wannan ma kuɗi ne, ko da babu inda ake rubuta shi.

Duk da haka, wanda ya tsaya nan ya ce a biya Murray ko nawa ne, ya rufe ido a kan rabin lissafin.

Matsala ta farko jikinsa ne. Wasa 65 ya buga a 2022–23, 59 a 2023–24. Yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi cinya. Ya kuma saba shigowa kaka a hankali, sai wajen Janairu injin ya ɗumama, abin da yake tilasta wa Jokic ɗaukar kaya mai nauyi tun Nuwamba. Na biyun da darajarsa ta rataya a kan watan Mayu dole ya isa Mayu da ƙafafunsa, kuma a 2024 bai isa da su ba. Jifa biyun da ya kashe Lakers da su sun rufe wa mutane ido a kan yadda ya yi ta fama a sauran karawar. Da aka haɗu da Minnesota, masu dogayen hannaye irin Jaden McDaniels da Nickeil Alexander-Walker suka manne masa tun daga tsakiyar fili, sai asiri ya tonu. A wasa na biyu ya jefa 18, uku suka shiga, aka lallasa Denver 106–80 a gidanta, shi kuma don haushin alƙalan wasa ya wurga jakar ɗumama jiki cikin fili ana tsakar wasa. NBA ta ci shi tarar dala 100,000, kuma ya yi sa'a ba a dakatar da shi ba. Ya ci 35 a wasa na bakwai, amma Denver ta zubar da tazarar maki 20 ta faɗi. Darasin karawar a fili yake: idan aka samu mai tsaro ɗaya da zai iya riƙe Murray ba tare da taimako ba, duk wancan tsarin na tsoro ya rushe, Jokic ya koma fama shi kaɗai kamar 2022.

Ta biyu doka ce. Yarjejeniyar da NBA ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2023 ta shata wani layi na kashe kuɗi wanda duk ƙungiyar da ta tsallake shi za a ɗaure mata hannu: ba za ta haɗa albashin 'yan wasa biyu ta yi musanye da su ba, ba za ta samu rangwamen ɗaukar matsakaicin ɗan wasa daga kasuwa ba, har zaɓenta na sababbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa ana iya daskarar da shi. A da attajiri mai ƙungiya yana iya biyan tara ya wuce. Yanzu kuɗi kaɗai ba ya fitar da shi. Don haka duk dalar da aka ba na biyu, an cire ta ne daga bakin na biyar da na shida. Bruce Brown ya tafi Indiana makonni kaɗan bayan bikin kofi. Caldwell-Pope ya tafi Orlando a 2024. A 2025, bayan an sallami Malone da manajan ƙungiya Calvin Booth ana saura wasa uku a gama kaka, Denver ta doke Clippers a wasa bakwai, Murray ya ci 43 a na biyar, sannan ta ja Oklahoma City, wadda ta ɗauki kofin shekarar, har wasa na bakwai. A can aka ga bambancin: Oklahoma tana sauya mutum tara ko goma, Denver tana lallaɓa shida ko bakwai da suka gaji, Gordon yana ɗingishi da ciwon cinya. Bayan kakar aka ba da Porter ga Brooklyn aka karɓo Cam Johnson mai ƙaramin albashi don a samu sararin cike benci.

To, ya cancanci dala miliyan 208? Da wata ƙungiya mai neman jagora ce ta biya, da ta yi asara, domin Murray ba mai ɗaukar ƙungiya a kai ba ne daga Oktoba zuwa Afrilu, kuma alƙaluman shekara tara sun nuna haka. Amma Denver ba jagora take saye ba, tana da shi. Abin da take saye shi ne shekarun da su biyun suka yi suna karanta motsin juna tun 2016, kuma wannan ba ya kasuwa. Da ta ƙi biya ta bar shi ya tafi, dokar albashi ba za ta ba ta damar ɗaukar wannan kuɗin ta kai wa wani tauraro ba, tunda albashin Jokic da sauran ya riga ya cinye iyakar. Zaɓin da ke gabanta ko Murray da tsada, ko wani ɗan baya mai arha da zai fara koyon Jokic daga farko, alhali Jokic ya doshi shekara 30 a lokacin. Ƙungiyar da take da gwarzon gasa sau uku ba ta da shekara biyu na gwaji.

Inda ya kamata magoya bayan Denver su matsa lamba shi ne a ofis, ba a kan albashin ba. Tun tafiyar Monte Morris a 2022 da Brown a 2023, ƙungiyar ta yi ta laluben wanda zai riƙe ƙwallo idan Murray ya zauna, daga Reggie Jackson zuwa Russell Westbrook, kuma rashin tsayayyen mutum a wannan gurbi shi ke sa a ƙona ƙafafun Murray a wasannin Janairu da ba su da wani tasiri. Kwantiragin ya fara aiki ne daga kakar 2025–26 zuwa 2028–29, lokacin Murray yana da shekara 32, da gwiwar da aka taɓa yi wa aiki. Shekara biyun farko Denver za ta iya cin riba. Biyun ƙarshe kuwa, sai yadda koci David Adelman ya iya rage masa mintuna a lokacin sanyi, da yadda ofis ya samo masa mataimaki na gaske a kan ɗan abin da doka ta bar musu.